GINI BA YA INGANTA SAI DA MAI DUBAWA

Ga jawabin da Akawun Jam'iyya ya yi a wurin laccar mako, gaban magina da leburori da sauran jama'ar gari. Mun buga shi duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.

  Maganar da aka ɗora mini yau ita ce ingancin gini, watau yadda za a tsare aikin gini tun daga ran da aka ja layi a takarda har ran da aka miƙa mabuɗi, domin kada ya zama sanadin halakar waɗanda aka yi shi dominsu. Abin da zan faɗi duka a rubuce ya ke, kuma akwai birkiloli da kafintoci zaune a nan waɗanda za su iya gaskata ni ko su ƙaryata ni in na gama.

Ku duba yadda gini ya bambanta da sauran kayan saye. In mutum ya je kasuwa sayen yadi, sai ya taɓa shi, ya ɗaga shi a rana ya ga saƙarsa. In doki ne, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Amma gini, da zarar an zuba kankare, an yi filasta, an shafa fenti, to, babu sauran mai iya ganin abin da ke ciki. Ɗan haya bai san rodi nawa ke cikin filar da ke riƙe da ɗakinsa ba. Uban da ya kai ɗansa makaranta bai san irin yashin da aka kwaɓa dekin da shi ba. Amana suka bayar, ga mutanen da ba su taɓa gani ba. Saboda haka ingancin gini ba ya samuwa bayan an gama aiki. Sai an tsare shi tun aikin yana buɗe, ido na iya ganinsa.

ABIN DA YA RIGA YA FARU

Ga kaɗan daga abin da ya auku a ƙasar nan. Ran 12 ga Satumba, 2014, masaukin baƙi mai hawa 6 na cocin Synagogue a Ikko, watau Legas, ya rufta, mutum 116 suka mutu, mafi yawansu baƙi daga Afirka ta Kudu. Alƙalin binciken mutuwa ya yanke a 2015 cewa an yi ginin ba da izinin hukuma ba, kuma raunin ginin ne ya kayar da shi. Ran 13 ga Maris, 2019, a unguwar Ita Faji cikin tsibirin Ikko, wani bene mai makarantar firamare a samansa ya faɗi, mutum 20 suka mutu, alhali kuwa hukuma ta riga ta yi masa alamar rushewa. Ran 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da a ke kan ginawa a Ikoyi ya zube, fiye da mutum 40 suka mutu. Ran 12 ga Yuli, 2024, a unguwar Busa Buji ta Jos, benen makarantar Saints Academy ya rufta wa yara suna cikin aji, mutum 22 suka rasu.

Ku lura da waɗanda ke mutuwa. Leburori ne masu aikin yini, da yaran makaranta, da 'yan haya, da mai tallan abinci da ta zo sayar wa ma'aikata. Watau talaka, wanda ba a shawarce shi ba sa'ad da a ke rage siminti, shi ne kan biya da ransa.

WASIƘAR DA BA A JI BA

Zan ɗan tsaya kan benen Ikoyi, domin a cikinsa akwai darasin duka. Mai ginin ba matalauci ba ne, unguwar kuma ta manyan attajirai ce, saboda haka ba za a ce rashin kuɗi ba ne. A watan Fabrairu na 2020, wajen wata 20 kafin rushewar, kamfanin injiniyoyin da ke kula da ƙarfin ginin ya rubuta wa mai ginin wasiƙa cewa ya janye hannunsa daga aikin. A cikin abin da wasiƙar ta ambata har da cewa ba a ba su sakamakon gwajin kankare na kowane mataki na ginin ba. Ku riƙe wannan magana ta gwajin kankare, zan komo kanta.

Injiniyoyi sun tafi, aiki bai tsaya ba. Gwamnatin Jihar ta ce an taɓa rufe wurin, amma aka ci gaba da ɗora hawa bisa hawa. Bayan rushewar, shugaban hukumar kula da gine-gine ta Jihar ya gaya wa 'yan jarida hawa 15 aka ba da izini, washegari Gwamna ya dakatar da shi daga aiki, Mataimakin Gwamna kuma ya ce hawa 21 aka ba da izini. Jama'a, manyan ma'aikata biyu na gwamnati ɗaya ba su haɗu kan adadin hawan da aka yarda a gina ba! In haka ne, yaya lebura mai ɗaukar kwanon sarki zai san ko yana aiki a wuri mai lafiya? Mai ginin kansa yana cikin waɗanda suka mutu a ciki. Wannan ya nuna mana cewa mai rage kaya sau da yawa ba ya nufin kisa, shi kansa ya gaskata ginin zai tsaya. Don haka ne ba a barin mai kuɗi ya zama shi ne alƙalin aikin kansa.

YADDA KANKARE KE YIN ƘARFI

Yanzu bari mu shiga cikin aikin, domin wanda bai san inda ɓarna ke shiga ba ba zai iya toshe ta ba.

Da farko ku san nauyin abin da ke bisa kanku. Kankare mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1, nauyinsa wajen kilo 2,400 ne. Dekin mai kaurin inci 6 bisa ɗaki mai mita 4 kowane gefe ya kai kilo 5,760, watau nauyin buhun siminti 115. Ɗaki ɗaya ke nan. Abin da ke riƙe wannan nauyi duka filoli ne da bim, da tushen da ke ƙarƙashinsu.

Kwaɓin da aka saba da shi shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, saboda haka yashinsa kwano 4, tsakuwarsa kwano 8. Wanda ya ƙara kwano biyu uku na yashi a kowane buhu ya yi ribar siminti, amma ya rage ƙarfin ginin, ido kuwa ba ya gane bambancin in ya bushe. Yashin ma sai mai tsabta. In da laka a jikinsa, siminti ba ya kama shi.

Sa'an nan ruwa. Buhu ɗaya ba ya son fiye da wajen lita 25, jarka guda ke nan. Ma'aikaci ya kan so ya ƙara ruwa don kwaɓi ya yi saukin juyawa da shebur, amma ruwan da ya yi yawa in ya ƙafe ya kan bar ƙananan ramuka a ciki, kankare ya zama kamar soso. Bayan an zuba kuma, abin sai ya juya: yanzu ne kankare ke bukatar ruwa. Siminti ba bushewa ya ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma haɗuwar tana ci gaba kwana da kwanaki. Dole a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, balle a zafin bazara ko iskar hunturu irin tamu. A kwana 7 ya kan sami wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 a ke auna cikakken ƙarfin. Wanda ya cire katako da sandunan tokara daga ƙarƙashin dekin bayan kwana uku huɗu don ya kai su wani aikin, ya ɗora wa jariri kayan babba.

Ga gwajin da na ce ku riƙe. Duk ran da a ke zuba kankare, a kan ɗebi kaɗan daga kwaɓin a cika ƙananan akwatuna masu inci 6 kowane gefe, a rubuta kwanan wata da wurin da aka zuba, a ajiye su cikin ruwa. A kwana 7 da kwana 28 a kai su ɗakin gwaji, inji ya matse su har su fashe. In zane ya ce kankare mai lamba 25, to wannan ɗan dunƙule ya kamata ya ɗauki wajen tan 57 kafin ya fashe. In ya fashe da wuri, an san filar da aka zuba a ranar ba ta da ƙarfi, a fasa ta tun ba a ɗora mata kome ba. Kuɗin wannan gwaji bai kai na fentin ɗaki biyu ba. Sakamakonsa ne injiniyoyin benen Ikoyi suka ce ba su gani ba.

Sai rodi. Mai gini ya ga zane ya ce rodi mai milimita 16, sai ya ce a sa mai 12, ai bambancin 4 ne kawai. Lissafi bai yarda ba. Ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa ne in an yanke shi: na 16 yana da murabba'in milimita 201, na 12 yana da 113. Watau ya cire kusan rabin ƙarfen. Akwai kuma rodin da a ke sayarwa da sunan 12 alhali bai cika ba, sai an auna a ke ganewa. Kuma dole kankare ya rufe rodi da kaurin wajen inci guda, in ba haka ba damshi ya kai gare shi, ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta tsaga kankaren daga ciki.

Ƙasar da za a ɗora ginin ma sai an gwada ta. A biranenmu an cike kududdufai da shara an yanka filaye a kai. A wajen Tafkin Cadi akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani. Tushen da aka haƙa don gida mai hawa ɗaya kuwa ba ya ƙara ƙarfi don mai gida ya sami kuɗin ƙara hawa biyu.

KAKANNINMU SUN SAN WANNAN

Kada wani ya ce mana wannan al'amari baƙo ne. Tun wajen shekara 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa, Hamurabi Sarkin Babila ya kafa doka cewa maginin da gidan da ya gina ya faɗi ya kashe mai gida, shi ma a kashe shi. Ba mu neman a dawo da wannan hukunci. Na kawo shi ne don ku ga tun zamanin da an san ginin da ya faɗi akwai mai alhakinsa.

A ƙasar Hausa kuwa akwai Sarkin Magina, wanda ya san kowane magini a gari da wanda ya koya masa. Yaro ya kan yi shekaru yana kwaɓa ƙasa yana miƙa tubali kafin a bar shi ya ɗaura bakan gizo. A kan jiƙa ƙasa ta kwana, a tattaka ta da ciyawa, a bar tubali ya bushe sarai kafin a ɗora. Azara daga giginya a ke tsaga ta domin gara ba ta cinta, kuma magini ya san iyakar tazarar da za ta iya ɗauka, ba ya wucewa. Kafin damina a yi yaɓe, a gyara indararo. Maginin kuma a garin ya ke zaune, in soronka ya tsage ka san ƙofar gidansa.

Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, da ƙasa da azara, ginin ya tsaya fiye da shekara 180. Amma ku ji ƙarshen labarin. Ran 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin ya rufta ana cikin sallar la'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya ce tun jajibirin ranar an ga tsaga a bango, ana shirin kawo injiniyoyi. Darasi biyu ke nan: aikin gwani ya kan daɗe, amma ko aikin gwani yana bukatar a riƙa dubawa, kuma in an ga tsaga a wurin taruwar jama'a, fitar da mutane shi ne farkon gyara.

Abin da ya same mu shi ne mun bar tsarin kakanni, ba mu kama na zamani ba. Mun karɓi siminti da rodi, muka bar gwajin da ke tafiya tare da su.

MENE NE TSARIN DA MU KE NUFI?

A 1950 wani masanin lissafi Ba'amurke mai suna Deming ya je Japan ya koyar da masu masana'antu cewa zaɓe ruɓaɓɓen kaya a ƙarshen aiki ba ya kawo inganci, sai an gyara yadda a ke yin aikin kansa. A 1987 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 9001 kan wannan fanni. Kada sunayen su ba ku tsoro. In an sauke su kan filin gini, abu biyar ne.

Na farko, zane. Wanda ya ƙware ya yi shi bayan an gwada ƙasa, wani dabam ya sake bin lissafinsa, hukuma ta sa hannu.

Na biyu, kaya. Kowace mota da ta sauke siminti ko rodi ko yashi ko bulo, a duba kafin a karɓa, abin da bai cika ba a mayar.

Na uku, wuraren tsayawa. Ba a zuba kankare a tushe, ko a fila, ko a dekin, sai injiniya ya zo ya ƙirga rodi da idonsa ya sa hannu, domin bayan an zuba magana ta ƙare.

Na huɗu, kada a canja kome daga zane sai an koma wurin mai zanen ya sake lissafi. A Yuli na 1981, a wani babban otal a birnin Kansas na Amurka, gadojin da aka rataya cikin zauren otal suka faɗo kan jama'a, mutum 114 suka mutu. Dalili, a zane sandar ƙarfe ɗaya doguwa ce ke riƙe gadoji biyu, wajen aiki aka mai da ita sanduna biyu don sauƙin haɗawa, nauyin da ke kan mahaɗa ɗaya ya ninka, ba wanda ya sake lissafi. Injiniyoyin da suka sa hannu an ƙwace musu lasisi.

Na biyar, littafi. Abin da aka yi kowace rana, wanda ya yi, wanda ya duba, da sakamakon gwaji, duk a rubuta. Ni akawu ne, na san amfanin littafi: wanda ya san sunansa zai zauna a takarda ya kan yi tunani kafin ya sa hannu.

Sharaɗin da ke riƙe da biyar ɗin nan duka shi ne mai dubawa kada ya zama yaron wanda ya ke dubawa. In ɗan kwangila ne ke ba sufeto kuɗin mota da na abinci, to babu sufeto.

DOKA TANA NAN, AIKI DA ITA NE BABU

Ƙasar nan ba ta rasa hukumomi ba. An kafa ARCON ta masu zanen gini a 1969, COREN ta injiniyoyi a 1970, hukumar ingancin kaya da a ke kira SON a 1971, CORBON ta magina a 1989. A 2006 aka fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa. Amma Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara gari da ba da izinin gini aikin jihohi ne, saboda haka kundin nan takarda ce kawai a duk jihar da ba ta mai da shi doka ta kuma ɗauki masu tsare shi ba.

To, ina ɓarnar ke shiga? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga misali da lissafi mai sauƙi. A ce an ba da kwangilar ginin aji shida kan naira 100. Wanda aka ba ba magini ba ne, sanayya ce ta ba shi, sai ya cire 20 ya sayar da takardar. Na biyu ya cire 15 ya miƙa wa na uku. Goron masu sa hannu a biya ya ci 10. Saura 55 ga wanda zai yi aikin 100, shi ma yana da iyali. Ina zai cike giɓin? Ba zai rage fenti ba, don fenti a ke gani ran buɗewa. Siminti zai rage, da rodi, da zurfin tushe, watau abin da ba a gani, wanda kuma shi ne ke riƙe da rai. Kuɗin nan harajinmu ne, yaran da za su zauna a ajin kuma 'ya'yanmu ne, don masu cin kwangilar ba nan su ke kai nasu ba.

AMSAR MASU MUSU

Wani zai ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba mu musun ƙaddara. Amma wanda ya sa rodi 12 a wurin 16 ya aljihunta bambancin, ba shi da bakin wannan magana. Mai haƙuri da ƙaddara shi ne wanda aka yi wa rashi, mai laifi kuwa gaban alƙali ya kamata ya tsaya.

Wani zai ce tsarin nan tsada gare shi. Mu auna. Kuskuren da aka gani a takarda, gyaransa kuɗin fensir ne. In an gan shi kafin a zuba kankare, ladan yini ɗaya ne. In bayan an zuba ne, a fasa a sake. In kuwa bayan mutane sun tare ne, babu kuɗin da zai biya. Araha ba ta ado.

Wani kuma zai ce talaka mai ɗaki biyu ina zai sami injiniya? Wannan magana gaskiya ce, ba kuma mu ce a hana talaka ginin ɗakinsa ba, ko a mai da izinin gini wata sabuwar hanyar tatsar sa. Tsananin dubawa ya bi girman haɗari: bene, makaranta, asibiti, kasuwa, masallaci da coci, nan ne za a tsananta. Mai ƙaramin gida kuwa, ƙaramar hukuma ta tanadi zane-zane ingantattu ta ba shi kyauta, ta kuma sa ido kan masu buga bulo, domin nan ne aka fi cutarsa.

ABIN DA MU KE NEMA

Ga Gwamnati, mu ke neman abu shida. Kowace jiha ta mai da kundin 2006 doka. Kowane bene da a ke ginawa a kafa allo a bakinsa mai sunan injiniya, da lambar rajistarsa, da adadin hawan da aka yarda, da Hausa da Turanci, don kowane mai wucewa ya iya ƙirgawa. Injiniyan da ya janye daga aiki ya sanar da hukuma a rubuce, aiki kuma ya tsaya har a sami wani. Kada a biya ɗan kwangila kuɗin kowane mataki sai da takardar gwajin kankare. A duba dukan benayen makarantu kafin kowace damina, a liƙa sakamakon a ƙofar makaranta iyaye su gani. Rahoton kowane kwamitin bincike kuma a buga shi jama'a su karanta, wanda aka samu da laifi a kai shi kotu, ko ɗan kwangila ne ko ma'aikacin da ya sa hannu. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Ga masu gini, attajiranmu, mu ke cewa ku riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har ginin ya ga damina, ku kuma biya mai dubawa da hannunku, dabam da mai ginawa.

Ku kuwa 'yan'uwana magina da leburori, ku ne farkon masu gani, ku ne kuma farkon masu mutuwa. A Afrilu na 2013 a ƙasar Bangaladash, an ga tsaga a benen Rana Plaza, washegari aka tilasta wa masu ɗinki su koma aiki, benen ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. Na san mutum ɗaya in ya yi magana korarsa za a yi, ga wani a bakin ƙofa yana jiran aikin. Amma ba a korar mutum talatin ran zuba dekin. Ku haɗa kai a ƙungiyoyinku, ku yi alkawari tsakaninku cewa ba za ku zuba kan rodin da bai cika ba, ba kuma za ku cire tokara kafin lokaci ba. Mu kuma mu ke neman doka ta tsare ma'aikacin da ya kai rahoto, kada a kore shi ko a hana shi ladansa. Duk wanda ya ga abin da bai gamshe shi ba a wurin aiki, ko a makarantar 'ya'yansa, ya zo ofis, za mu rubuta masa takarda zuwa ga hukumar da abin ya shafa, mu ajiye kwafi da kwanan wata, don kada gobe a ce ba a sani ba.

Shugaba, na ga lokaci ya ƙure, kuma na san magina suna da tambayoyi da gyare-gyare. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri, ya ba shugabanni ikon riƙe amana.